Mutumin da Ya Hana Hanyar Rimi Mutuwa

Kafin masunta su busa ƙaho a bakin teku, Mista Osbert Telesford ya riga ya wuce ta ƙofar shagona. Ni tela ce, keken ɗinkina yana jikin taga, tagar kuma tana kallon inda hanyar rimi ta rabu da kwalta ta kama dutse, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Shekara da shekaru ina ganinsa da malfarsa, adda a rataye a kafaɗa, da 'yar kwalbar giyar rake, wato ram, a aljihun wandon da ni na ɗinka, ni ce kuma nake yi masa faci. Yakan ɗaga hannu ya ce, "Mis Ionie, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce lafiya lau, in ban da wandunansa da ke neman ganin bayana. Daga nan sai ya hau dutse, ya sare duk reshen da ya faɗo ko ciyawar da ta miƙo kan hanya, ya sauko ya watsa ruwa, ya tafi bakin gada ya jira motar baƙi.

Aikinsa ke nan. Baƙin da jirgin ruwa ke saukewa a birnin St. George's, waɗanda suka gaji da kwanciya a rairayi, su ake kawo masa, ya zaga da su garinmu a ƙafa. Ba shi da ofis, ba shi da riga mai tambari, kuma ban taɓa ganin sunansa a jarida ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin domin gwiwoyinsa sun ƙi. Shi ya sa na ture keke gefe na ɗauki alƙalami, tunda yabon gwani ya zama dole, kuma na lura mutanenmu ba sa yabon mutum sai ya kwanta a akwati.

Zangon farko rumfar Tanti Verlyn ce, inda ake cin fanke da kifin gishiri, a kora da shayin koko na cakulan mai kirfa. Idan ranar Juma'a ce akwai babbar tukunyar oyil dawun, wadda ake jera birefrut, ɗan itacen nan mai kama da doya idan ya dahu, da nama da ganyen gwaza a ciki, a zuba madarar kwakwa da gangamau, a bar ta a wuta har ruwan ya tsotse ya bar maiƙo. A nan Mista Osbert yake da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Na ga ranar da wani baƙo dogo, kyamara a wuya, ya miƙa hannu ya ɗauki fanke ba tare da ya dubi Tanti Verlyn ba. Mista Osbert ya karɓe fanken daga hannunsa a hankali, ya mayar kan faranti, yana murmushi.

"Yallaɓai, a garin nan ana gaishe da mai tukunya kafin a gaishe da tukunya. Ga ta nan, Tanti Verlyn sunanta, ba ta cizo."

"Wa ya ce maka ba na cizo?" in ji Tanti Verlyn. "Kai dai ka gode wa Allah ƙashi ne kawai a jikinka."

Baƙon ya yi gaisuwa har da cire hula, ya kuma ci fanke har sai da matarsa ta janye shi.

Daga can sai shagon giya na Cuthbert, inda Mista Osbert da kansa yake haɗa musu abin sha: ram da lemun tsami da sukari da ruwa, ya kankare gyaɗar ƙamshi a sama. Ana sha ana dariya, yana ba su labarin yadda rake ya zo tsibirin nan da kuma waɗanda aka ɗauro suka zo noma shi. Idan ya ga fuska ta saki, sai ya ce a tashi, da sauran tafiya. Su bi hanyar rimi, su wuce kangon injin matse rake, su kai gindin tsohon rimin da ke bisa dutse. A nan aka binne bayin tsohuwar gonar rake, kakannin kakanninmu, ba dutse ba suna. Mista Osbert yakan ciro kwalbarsa a jiƙa ƙasa da ram, a bi da ruwa, kamar yadda iyayenmu ke yi. Al'adar kuwa ita ce, idan akwai 'yan gari a cikin tafiyar, ƙaraminsu ake miƙa wa kwalbar ya zuba. Idan babu kowa, shi yake zubawa.

Wani kamfanin da ke turo masa baƙi ya taɓa roƙonsa ya yanke wannan zango na ƙarshe, wai yana ɓata wa mutane nishaɗi, sun zo hutu ne ba zaman makoki ba. Cuthbert yana wurin aka yi maganar. Ya ce Mista Osbert ya saurara har ƙarshe, sannan ya amsa cewa wanda ya sha zaƙin rake dole ya hau ya gaishe da waɗanda suka sare shi, in ba haka ba a nemi wani jagoran. Kamfanin ya daina turo masa mutane na tsawon lokaci, shi kuma bai je ya ba kowa haƙuri ba.

Kai ne, Mista Osbert, ka koya wa baƙi cewa garinmu ba faranti da kofi ba ne kaɗai. Kai ne ka sa Tanti Verlyn ta zama mutum mai suna a idon waɗanda da hotonta kawai za su ɗauka su wuce. Ina faɗa maka wannan a rubuce ne domin na san idan na faɗa maka baki da baki, cewa za ka yi in daina surutu in ƙarasa maka wando.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da babbar guguwar nan ta zo ta ɗauke rufin gidaje, ta kwantar da bishiyoyin gyaɗar ƙamshi kamar an yi musu aski, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kowa ya shiga neman kwano da ƙusa. Itatuwa suka toshe hanyar rimi, gari kuma ya manta da ita, domin wanda ruwan sama ke zuba a kan gadonsa ba ya tuna matattu. Mista Osbert shi ma rufinsa ya tafi. Amma kullum da safe sai ya hau da addarsa, yana sara yana ja, har ya fito da hanyar shi kaɗai. Ba baƙo ko ɗaya, ba mai biyansa. Bakin mutanenmu kuwa ba ya zuwa hutu. Da aka riƙa ganin kwalba a aljihunsa, sai aka ce ai giya yake hawa sha a ɓoye don kada matarsa ta gani. Ya ji, ya ci gaba da hawansa. Ni ce na tanka musu, har wasu ba su ƙara kawo mini ɗinki ba, ban kuma yi kewarsu ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan wasu shekaru aka sayar da tsohuwar gonar ga wani attajiri da ke son gina masaukin baƙi a bisa dutsen. Wata safiya muka tashi muka ga an ja waya, an sa ƙofa da kwaɗo a bakin hanyar, daidai gaban tagata. Wanda ya ɗaura kwaɗon kuwa ɗan garinmu ne, Kendol Modeste, wanda aka ɗauka gadin gonar. Ba mugun mutum ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya, kuma aiki ba ya faɗowa daga bishiya a garin nan. Hujjar mai gonar ita ce, hanyar da jama'a ke bi tun fil'azal ba a rufe ta, wannan ya sani, amma wannan hanyar ta mutu tun guguwa, ba mai bin ta, ta koma cikin gonarsa. Idan maganarsa ta tabbata, to mun rabu da rimin ke nan, kakanninmu su koma bayan katangar wani.

Magana ta kai kotu. Kafin a zauna, Mista Osbert bai fasa ba. Baƙi dai ba zai kai su ba, amma shi kullum sai ya sunkuya ta ƙarƙashin waya ya hau. Wayar ta ci wandunansa ci na rashin imani, har na ce a bar ni in kwashi wandunan in kai wa kotu su yi shaida.

Alƙaliyar, wata dattijuwa marar son wasa, ta ce gani ya kori ji, za ta zo ta hau da ƙafarta. Ta hana gayya. Daga ita sai lauyoyi biyu, sai Mista Osbert, sai ni a matsayin mai shaida, sai Kendol, wanda lauyan mai gona ya kawo don ya ce shi bai taɓa ganin kowa a hanyar ba. Na zaci Mista Osbert zai tsaya ya yi dogon jawabi. Ina! Aikinsa kawai ya yi kamar kullum. Ya biya da su rumfar Tanti Verlyn, ya sa alƙaliya ta gaishe ta da suna. Ya nuna musu kangon injin, ya faɗi abin da ya saba faɗa wa kowa. Muka kai gindin rimi muna haki, lauyan mai gona yana ta nuna ciyawar gefe da gefe yana cewa a dubi daji.

Mista Osbert ya ciro kwalbarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Kendol.

"Karɓi, ɗana. Kai ne ƙarami."

Kendol ya dubi lauyan da ya kawo shi, ya dubi kwalbar. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san ba a miƙa wa mutum kwalba a gindin rimin nan ya maƙe kafaɗa. Lauyan ɗan birni ne, bai ga wani abu a ciki ba, har ya ce masa ya yi sauri rana tana yi. Kendol ya cire hularsa, ya durƙusa, ya zuba ram ya bi da ruwa. Da ya miƙe, alƙaliya ta tambaye shi ko gaskiya ne ba mai bin hanyar. Kendol ya dubi rimin, sannan ya dube ta.

"Ranki ya daɗe, a can ƙasa da na iya faɗin abin da aka ce in faɗa. A nan ba zan iya ba. Kullum sai tsohon nan ya hau. Ni nake juya baya don kada in gan shi."

Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar sai da na goge ido da gefen siket.

Alƙaliya ta yanke hukunci cewa hanyar ta jama'a ce, aka cire kwaɗon. Kendol ya rasa aikinsa, yanzu yana bin jirgin kamun kifi. Mutane suka yi ta cewa Mista Osbert tarko ya ɗana masa, wasu har suna yaba masa wayo. Wannan yabon ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya taka har gidan Kendol ya ba shi haƙuri a gaban matarsa, ya ce shi bai ɗana wa kowa tarko ba, ƙarami ake ba wa kwalba, kuma da ya tsallake shi ya miƙa wa wani, da ya nuna ke nan Kendol ya fita daga cikin 'yan gari. Na yarda da shi, domin mutumin da bai iya ɓoye yagewar wandonsa ba, ba shi zai iya ƙulla makirci ba.

Mun gode, Mista Osbert. Tsohon raƙumi mai sanin rijiya, mun gode. Kai ne ka riƙe mana hanya a lokacin da muka sake ta, ka riƙe ta da ƙafa biyu da adda ɗaya, ana yi maka gori kana hawa. Tanti Verlyn ta ce in gaya maka fankenka na nan kullum ko ba ka kawo baƙo ba, amma sai ka yi gaisuwa tukuna. Allah Ya saka maka, Ya sassauta maka ciwon gwiwa.

Ku kuma mutanen gari, da ku nake. Kada ku ɗauka magana ta ƙare. Lauyanmu ya faɗa mana ƙarara cewa ƙafa ce ta ci mana shari'ar nan, ranar da ƙafa ta ɗauke kuma ana iya dawo da ita sabuwa. Mai gona yana nan, wayarsa ma ba a kwance ta ba, ƙofar kawai aka buɗe. Ba a ce sai kun iya labari kamar Mista Osbert ba. Ku dai hau. Wanda ya tashi daga coci ranar Lahadi ya hau da iyalinsa, mai zuwa gona ya bi ta can ko da zagaye ne, matasan da ke zaman wasan domino a shagon Cuthbert su ɗaga jiki su motsa jini. Ni ma da tsufana na fara rufe shago da hantsi ina hawa, ina zagin dutsen ina tafiya.

Jiya ya zo karɓar ɗinki, yana dogara sanda. Ya zauna a kujerar bakin taga ya daɗe yana kallon hanyar. Na tambaye shi ko yanzu shi da rimin sai dai hange daga nesa. Ya ce a'a, ya riga ya yi magana da matarsa da limamin cocinmu, sun amince a can yake so a kwantar da shi idan lokaci ya yi.

"Saura mini hawa ɗaya, Mis Ionie, amma a kafaɗunku zan yi shi. Ku dai tabbata akwai hanyar da za ku bi da ni."