Hoton Tsohon da Ba Ya Son Hoto

A zamanin da sojoji ke riƙe da mulki na bar hoton fim na sayi kwamfuta, wadda mu a Filinge muke ce wa odinatar. Ta zo a kan gaɓa, don an fara maganar zaɓe, kowa na neman takardar shaida, takarda kuwa sai da hoto. Daga Sanam, daga Damana, daga ƙauyukan Kurfai da ban taɓa jin sunansu ba, mutane suka yi ta cika rumfata. In na ɗauka sai in zube hotunan a fuskar na'urar, in wanke wa mutum nasa, in kira na gaba. Kafin damina fuskar ta cika maƙil kamar tsakiyar kasuwar Baleyara.

Matata malamar lekwal ce, wato makarantar boko, ba ta son hargitsi. Wata rana ta kawo mini abinci ta tarar ina ta laluben hoton wani makiyayi, motar garinsu na yi masa oda a waje.

"Maigida, wagga ba ajiya ba ce, juji ne," in ji ta. "Ran da abin ga ya mutu, mi za ka ce ma mutane?"

Da aka yi hutun makaranta muka zauna tare. Kowane gari muka buɗe masa jakarsa a cikin na'urar, a cikin jakar kuma kowace shekara da tata, hotunan takarda daban, na suna da biki daban. Waɗanda suka yi dishi-dishi muka share. Fuskar ta koma fes. Daga nan na sayo faifan ajiya, ɗan ƙarami kamar sabulu. Duk Juma'a bayan masallaci sai in kwafe aikin mako a kai, in kai shi gidan yayata a ɗaya gefen gari, ta jefa shi cikin kwalla ta rufe. Abokaina na wurin shayi suka samu abin ba'a, da sun hango ni sai su ce ga mai kai sabulu.

Farar hula suka dawo, shekaru suka wuce, ban fasa ba. Wata la'asar cikin damina aka yi tsawa, na ji ƙauri, na'urar ta ɗauke. Mai gyara a Yamai ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce babu abin da ya tsira.

Ban gama jimami ba sai ga wata tsohuwa daga wajen Damana ta sauko daga amalanke. Mijinta ya rasu da bazara. Manomi ne mai bin al'adar kakanni, duk rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba sai sau ɗaya, a rumfata, lokacin takardun nan. Takardar kuwa ruwa ya cinye ta da ɗakinsu ya faɗi.

"Ɗana, an ce mini injinka ya ƙone," ta ce. "Na dai taho in ji da kunnena. Jikokinai na Libiya, ba su san kamatai ba."

"Inna, zamna ki sha ruwa. Wace shekara kunka zo?"

"Shekarar da soja za su sauka."

Na hau babur na ɗauko faifan a gidan yayata, na biya ta lekwal na ari odinatar ɗin darakta, shugaban makarantar. Na jona faifan. Jakunkuna suka jeru, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Na buɗe Damana, na buɗe shekarar, na buɗe hotunan takarda. Fuskoki suka fara wucewa, tsohuwa ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Tsaya! Ga shi nan, mai taurin kai!"

Dogon tsoho ne, ya ɗaure fuska, layu a wuya. Na danna gaba, sai ga wani hoton nasa, ya buɗe baki yana dariya, giɓinsa a waje. Ashe sau biyu na ɗauke shi. Tsohuwa ta tafa hannu, ta yi guɗa har masu shagunan kusa suka leƙo.

"Ni na sa shi wagga dariya! Ce mishi na yi ya daina harara, ba ɓarawon akuya anka kama ba."

Na wanke mata duka biyu manya-manya. Ta naɗe su a gefen zane, ta yi ta sa mana albarka, ni da matata da yayata.

Ranar kasuwa ta gaba na fito na tarar da mutanen ƙauyen tsohuwar zaune a bakin rumfa, wannan na neman hoton uwarsa, wancan na ƙanensa da ya tafi ci-rani. Ɗaya daga cikin abokan shayina ya ratso su ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sabulun nan naka, a ina ake samunsa?"