Zaren Likkafanin Inna

Inna, mahaifiyata, shekara biyu ta yi tana kaɗin zaren likkafaninta a gidana da ke Badarawa. A ƙauyensu haka tsofaffi suke yi: mace ta kaɗa zarenta da hannunta, a kai wa masaƙi ya saƙa, ta ninke ta ajiye ƙarƙashin katifa.

Daga gida ake aiko mata da auduga. Ta gurje, ta shiɓe, ta dangwali alli, ta murza mazari. Siririn zare take yi, in ta gama ta haɗa biyu ta sake murɗewa. Sai ta naɗa a yatsu ta ja da ƙarfi. In ya tsinke, duk aikin ranar ta ture gefe. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Na ce, "Haba Inna, wa zai ja likkafani a kabari?"

"Ba ruwanka," in ji ta.

Da zaren ya isa, ta ƙulle a tsumma ta miƙo mini. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. "Kai, ka ba direban motar garinmu a tashar Kawo. Ya san masaƙin."

Ta Kawo nake bi zuwa ofis, wallahi kullum. Na jefa ƙullin a but ɗin mota. Yau na makara, gobe cunkoso, jibi na manta. Sau ɗaya ta tambaya, tana kallon bango. Na ce yana wajen masaƙi. Ta ce madalla.

Bayan wata huɗu ta rasu, ranar wata Talata da hantsi. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, ina dai karɓar gaisuwa ina cewa amin. Sai ƙanwarta, wadda za ta yi mata wanka, ta leƙo ta ce sun ɗaga katifa ba su ga komai ba. "Ɗan nan, ina nata?"

Na ce bai dawo ba.

Ta ce to a sayo yadi, bayan azahar za a fita. Ni na je. Na sayi farin yadi a Kawo, daf da tashar. Mai shagon ya nufi but zai saka mini, na ce a'a, miƙo nan gaba. Na ɗora a kujera na tuƙo gida. A cikin yadin aka binne ta.