Jirgin Ɗalhatu Ya Yi Kuka Tsirara

Jama'a a gyara zama, a ba da hanya. Ga Injiniya Ɗalhatu Musbahu, Sarkin Dogon Al Nahda, Magajin Tasha, mai jirgin ƙasa ɗaya tal a duniya, wanda tsawonsa bai kai takalminsa ba. Injiniyancin nan kuwa babu makarantar da ta ba shi. Akawu ne a wani ofishin kago da ke Al Khabaisi a Dubai, inda 'yan kasuwarmu ke kai kaya a auna, a naɗe, a tura Kano da Yamai.

Mutumin Zariya ne, ɗan kwatas ɗin Reluwe. Babansa, marigayi Malam Musbahu, direban jirgi mai kwal ne a layin Ƙauran Namoda. In ya doso gari yakan ja jiniya doguwa, ya ƙara doguwa, sannan ya gutsuro gajeriya. Duk kwatas an san fassararta: Maimuna, ɗora tukunya. Jirgi mai kwal ya mutu, Malam ya bi shi, Ɗalhatu ya girma ya faɗo Dubai, garin da a lokacin ake ta haƙe-haƙe ana cewa jirgi na nan tafe.

Wani Bature da zai koma gida ne ya sayar masa da ɗan kan jirgin nan na wasa, baƙi wuluk, har da bututun hayaƙi. Yana zagaya layinsa da lantarki tsaf, amma bebe ne. Ɗalhatu ya haƙura da bebancin har 2007, da aka ce mahaifiyarsa Hajiya Maimuna za ta zo a duba mata idanu. Nan ya ƙudura a ransa, tsohuwa ba za ta koma ba sai ta sake jin jiniyar Malam. Ya yi odar dikoda, wani ɗan allo mai wayoyi kamar gemun masara, wanda ake dasa wa jirgi a ciki tare da sifika don ya riƙa huci yana kuka.

Matarsa Ummulkhair ta ce hayaƙin dalma dai ba a ɗakinta ba. Sai ya kwashi aikin ya kai ofis, yana taɓawa a hutun azahar.

Buɗe jirgin kaɗai ya kusa sa shi furfura. Takardar bayani da Jamusanci take. Kusar da ke riƙe da murfin a cikin bututun hayaƙi aka ɓoye ta, ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma yana kwance ta ta yi tsalle. Haka wani alhajin Kantin Kwari ya shigo ya iske akawu yana rarrafe tsakanin dilolin atamfa da fitilar waya.

"Malam Ɗalhatu, kayana ne suka faɗi?"

"A'a Alhaji, nawa ne."

Ya samu kusar. Murfi ya fita, sifika ta ƙi zama, sai da ya goge ƙarfen ciki da zarto. Dalma ta ƙona masa yatsa. Da ya haɗa wayoyin ya ce jirgi ya yi gaba, jirgi ya yi baya abinsa. Ya warware, ya sake, yana ƙunƙuni har masu kaya suka fara cewa ko zafin garin ne ya taɓa shi.

Murfin jirgin kuwa, wato duk kyan nan da Bature ya sayar masa, ya naɗe shi a tsohuwar singileti, ya sa a wani ƙaramin kwali don kar a taka, ya ajiye bakin sikeli. Ranar da Hajiya za ta sauka, ya gama haɗin, ya miƙa hannu, wayam.

Ya kira Hamissou, Badamagaren da ke naɗe musu kaya da salatif, mutumin da in ka daɗe tsaye kusa da shi sai ya fara auna ka da ido.

"Hamissou, ina kwalin da na ajiye nan?"

"Ƙaramin, patron? C'est parti, ya tafi. Khalas."

"Parti ina?"

"Kano aka rubuta a jikinshi, ba ni na rubuta ba. Kuma kai da bakinka ka ce duk abin da ya taɓa sikeli kada ya kwana."

Dokar Ɗalhatu ce kuwa. Tsohon kwali ne ya ɗauka bai duba rubutun ba. Ya buga wa wakilinsu na Kano, aka ce kwali marar sunan mai shi sai dai in an waiwayi sito. Uwa ta taho Dubai, rigar jirgi ta tafi Kano, ƙila ma sun gifta juna a sama ba su gaisa ba.

Washegari da la'asar ya shimfiɗa layi a kan kafet, ya ɗora abin da ya rage: ƙafafu, inji, da cunkuson wayoyi. Hajiya ba ta gani sosai, sai ta sa hannu ta shafa.

"Ɗan nan, wannan ne jirgin? Ai figaggiyar kaza ce."

"Inna, rigarsa ce ta yi tafiya. Bari dai ki ji."

Ya murɗa makunni. Ƙafafu suka juya, huci ya fara fita a hankali, caf, caf, caf. Ya danne maɓalli: doguwa, doguwa, gajeriya.

Ya ga hannun tsohuwa ya dafa ƙasa kamar mai shirin miƙewa, sannan ya koma cinyarta. Ya tsaya yana jira, yatsan da ya ƙone yana masa zugi.

"Ta Malam ta fi wannan kauri," in ji ta. "Wannan kamar butar shayi."

Ransa ya ɓaci. Ya fara bayanin cewa da murfi yana nan da muryar ta yi nauyi, da Hamissou bai...

"Ni ban tambaye ka ba. Sake ja."

Ya sake. Ta ce ya tsawaita ta biyun, Malam ba ya gaggawa. Ya sake. Sai ta juya wajen ƙofar kicin ta ɗaga murya: "Ummulkhair, kin ɗora kuwa?"

Har ta koma gida kullum sai an ja mata, kullum kuma sai ta ce butar shayi ce. Murfin dai yana can Kano, ana dubawa.

Da na same shi a ofis, na rusuna har ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Dogo, ka ba bebe murya, ka tashi Ƙauran Namoda a tsakiyar Dubai. Me za ka faɗa wa duniya?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Matsa daga bakin sikelin nan, kar Hamissou ya naɗe ka."