Maɗacin da Baffa Ya Kashe

Ɗacin wata 'yar ƙwaya ne ya tayar min da wannan zance. Jikana ne ya karɓo min ita a ɗakin maganin da Nasara suka buɗe a Birnin Kudu, ya ce maganin zazzaɓi ce, wai daga ɓawon wata bishiya ta ƙetaren teku ake yin ta. Na tauna maimakon in haɗiye, sai ga ni yarinya a gidanmu na Unguwar Ya, tun ba a san da Nasara ba, Kaka ta toshe min hanci tana ɗura min jiƙon maɗaci.

Kaka, uwar Babanmu, ita ce mai maganin garinmu, kuma maɗaci guda ne tal a kusa da mu, a bayan gidanmu. Sauran suna can dajin da ke tsakaninmu da Gwaram, inda a wancan zamanin mahara ke kwashe mutane kamar kaji. Ba ta taɓa ɗibar ɓawo da garaje ba. Sai ta yi bisimilla, ta sassaƙi faɗin tafin hannu ta gabas, wata shekara ta yamma, sannan ta shafe wurin da laka don ya warke.

"Ke 'yar nan, kada ki taɓa zagaye bishiya da wuƙa," in ji ta. "Kin yanka ta ke nan."

Kowa a gidan ya san wannan magana, har Baffa, ƙanen Babanmu. Mutum ne mai son a gan shi, ga tsoron fartanya. Wata bazara fatake suka sauka garinmu suna neman ɓawon maɗaci, ya hangi wani baƙin rawani mai ƙyalli a kayansu. Ranar Kaka ta tafi karɓar haihuwa. Kafin ta dawo ya feɗe bishiyar nan zagaye, daga gindi har inda tsani ya kai, ta tsaya ja wur kamar naman layya. Da yamma ya shigo da rawani a ka yana taƙama.

Ni da Kaka muka yi ta kwaɓa laka da kashin shanu muna liƙawa, amma ina. Ganye ya kaɗe, rassa suka bushe, kafin shekara ta zagayo ta zama itacen girki.

Da marka ta kankama, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama ƙanena. Yaro ne da bai daɗe da yaye ba, a bayana ya koyi dariya. Kaka ta dafa sabara, ta dafa marke, jikin ya ƙi sauka. Babanmu ya saɓa gatari zai nufi dajin Gwaram, mai gari ya hana, don a makon nan aka kama wasu masu itace. Ina riƙe da yaron a cinyata, zafinsa na ratsa zanina, har ya daina kuka. Baffa ya zo zaman makoki da rawanin nan a kansa. Tun daga ranar na tsane shi, tsana irin wadda ba ta tsufa.

Na tambayi Kaka me ya sa ba za ta yi masa baki ba.

"Ni na haife shi," ta ce. "In na buɗe baki ba zai ƙara moruwa ba."

Ta haɗiye abinta har ta koma ga Allah. Ni kuwa ba ni na haife shi ba.

Na girma, na yi aure a garin, na gaji aikin Kaka. Na shuka ɗan maɗaci a bayan ɗakina, na yi ta ba shi ruwan wanke-wanke har ya isa sassaƙa. Ana nan wata damina sai ga matar Baffa ta yi sallama, ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi, in taimaka don zumunci. Na ce ta je ina zuwa. Na jiƙa maɗaci mai kyau, na cika ƙwarya, na same shi a kan tabarma yana rawar ɗari, ya tsufa ya zama ƙashi da fata. Na gaishe shi yadda ake gai da uba, na matsa da ƙwaryar har ƙamshin ya kai hancinsa. Ya miƙo hannu.

"Baffa, ina rawanin nan?"

Ya dube ni. "Gara ta cinye shi tuni, 'yata."

"Ashe. Da yana nan, da shi zan jiƙa maka."

Na tsiyaye maganin a ƙasa a gabansa, a hankali, har ɗigon ƙarshe, na kife ƙwaryata na fito. Bai ga ƙarshen daminar ba. Ko ciwon ne ko tsufa, Allah ne masani. Na je gaisuwa, aka miƙo min gumba, na ci.

Yanzu duniya ta sake. Daji ya yi lafiya, mace na zuwa Gwaram ita kaɗai ta dawo, an ma jera maɗatai a bakin hanya don inuwa kawai, awaki na goga jiki da su. Jikokin Baffa suna zuwa gaishe ni, ina amsawa, ba su yi min komai ba. Liman kan ce tsohuwa irina, da ƙafa ɗaya a kabari, gara ta yafe. Na yafe wa mutane da yawa, wasu ma na manta laifinsu. Baffa kam ya jira ni a can. Zan zo da yaron a bayana, a yi mana hisabi.