Hoton Ƙirjina da Ɗiyata Mai Karatun Rana

Ina zaune bakin ruwa a Yelwa, na ɗaga hoton ƙirjina na asibiti ina haska shi da rana kamar likita, ni da na tsaya aji huɗu. Sai ga ɗiyata Hadiza, wadda ke karatun rana a jami'a. E, ranar nan da ke gasa mu.

Ta ce, "Baba, irin hasken da ya ɗauki hoton nan, rana ma tana fitar da shi. In ta yi aman wuta, wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki ke kwasar gudu su daki jikinta, sai hasken ya tashi. Iskar sama ce ke tare mana shi."

Na ce, "To gaya wa iskar ta matsa, in buɗe ƙirji cikin kwalekwale, in huta da layin asibiti."

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallon farin tabon da ke gefen hagu.

Na ce mata, "Malama, mi kika gani?"

"Ban iya karanta wannan ba, Baba. Amma ba ni komawa makaranta sai an sake gwada ka."

Jarrabawarta ta ƙarshe saura mako guda. Sai na ce mata likita ya ce hayaƙin bandar kifi ne kawai. Likita bai ce haka ba.

Jiya na sa ta mota ina ta barkwanci. Da suka tashi, tari ya zaunar da ni a tasha har azahar.

Ku iyaye, irin wannan ƙaryar, ana rubuta wa mutum ita kuwa?