Awon Rijiya a Damina

Shekara takwas ke nan da muka binne maigidana, Abban Safiya, a nan Kuala Lumpur. Har yau ina gidan hayarmu na unguwar Cheras, ina koyarwa, kuma har yau akwai danginsa da ba sa amsa sallamata.

Karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kawo shi. Yana cikin digirinsa na uku wani kamfani ya nemi lasisin haƙar kwal a ƙarƙashin gonakin ƙauyensu. Irin wannan haƙa sai an zuƙe ruwan ƙasa kafin ma'aikata su shiga rami, a zubar da shi rafi. Kamfanin ya so ɗan gari mai ilimi ya sa hannu cewa rijiyoyi da rafin ba za su taɓu ba. Baffansa ya yi ta waya, yana cewa aiki ne ya zo wa samari har gida.

Na tuna ranar da ya gama karanta rahotonsu a shagon mamak, wato wurin mai shayi na nan ƙasar, shayinsa ya huce. Ashe a tsakiyar damina suka auna rijiyoyin, lokacin da ko ramin kura cike yake. Ya dube ni ya ce, "Maman Safiya, wannan report ɗin tak boleh, ba zai yiwu ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Su dawo su auna a bazara."

Ba su dawo ba, lasisin ya tsaya. Dangi suka ce zaman ƙasar da ruwa ke zuba kusan kullum ya mantar da shi talaucin gida. Da ciwon hanta ya ɗauke shi, har na ji wata na cewa alhakin samari ne. Wannan maganar ta ƙona ni, kuma ban yafe ta ba tukuna.

Bana kamfanin ya sake neman lasisi, da awon damina irin na da. Ɗan Baffa ya kira ni da lallausar murya, wai in gaya wa dattawan ƙauyen cewa marigayi ya sauko daga matsayinsa kafin ya rasu. Da yana raye, na san dariya zai fara yi, sannan ya tambayi watan da aka yi awon. Mahaifiyarsa, Inna, tana can da ranta, daga rijiyar tsakar gidanta take sha.

Bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Taurin kan nan ya bari, kuma na gaje shi kaf. Na gaya wa ɗan Baffa ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Na yanki tikitin zuwa ƙauyen a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Mai son sa hannun gidanmu ya same ni a bakin rijiyar Inna da igiyar awo, rana tsaka.