Sunan Ladan a Bayan Faifai

Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki gyara a bayan babbar kasuwar Suleja ya san Malam Suhaibu, kuma duk wanda ya san shi ya sha labarin faifan nan har ya ƙoshi. Mutum ne siriri, mai saurin hawa da saurin sauka, hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai. Daga Giwa ya zo lokacin da ake ta gine-ginen Abuja, wai zai yi shekara biyu ya koma. Ina! Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, ya canja gidan haya sau bakwai. Duk tashin da za a yi kuwa, da kansa yake rungumar wata tsohuwar jakar fata, ba ya yarda a jefa ta a mota da sauran tarkace.

Faifan garmaho goma sha ɗaya ne a ciki, duk na kamfanin nan mai tambarin barewa, wanda ya girme shi kuma har yau bai rufe ba. Goma na marmari ne kawai. Ɗayan shi ne gadonsa kaf. Mahaifinsa, Ladan, direban gingimari ne, ya rasu a hanyar Jos Suhaibu yana ɗan shekara tara. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hoto babu. Amma ya taɓa tsintar wani makaɗin garaya da 'yan amshinsa a daji, motarsu ta mutu, ya kai su har Kaduna bai karɓi ko sisi ba. Makaɗin ya saka masa da ambato a waƙa, can ƙarshen bayan faifan, bayan an gama jera attajirai.

Garmahon gidansu ya lalace tun farkon zuwan kaset, don haka Suhaibu ya fi shekara arba'in bai ji waƙar ba. Wannan bai hana shi ba da labarinta ba. Da la'asar idan teloli suka taru a rumfarsa, sai ya ce su kaset da waya duk kwaramniya ce, murya tana cikin faifai, daga nan ya gangaro kan ubansa.

Wata Asabar Taufiq, wani maƙwabcinsa da ke aiki a Abuja, ya zo da fara'a ya ce kamfanin ya zuba tsofaffin waƙoƙinsa a intanet, har da ta garayar nan. Suhaibu ya sa aka kashe janareton shagon kusa. Taufiq ya kunna ta a wayarsa, aka kasa kunne. Minti huɗu waƙar ta yi ta ƙare, babu Ladan babu dalilinsa. Ya ce ai wannan gaban faifan ne, a nemo bayan. Taufiq ya duba ya sake dubawa, ya ce iyakar abin da suka sa ke nan. Sai wani tela ya tambaya ko dai a mafarki Malam ya ji, rumfa ta kwashe da dariya.

Dariyar ba ta ci masa rai kamar abin da ya tarar a gida ba. 'Yarsa Muhsina, wadda ta tashi da labarin nan a kunnenta, ta kawo masa abinci ta ce a hankali, "Baba, ko dai wata waƙar ce daban?" Bai taɓa tuwon ba. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, don idan 'yar cikinsa ta fara kokwanto, to ranar da ya mutu Ladan ya ɓace ke nan.

Mako uku ya yi yana cigiyar garmaho mai rai, aikin mutane na jibge a rumfa suna ta sintiri. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani tsohon hedimasta a Tafa, Malam Amos, mai sauraren faifan waƙoƙin coci kowace Lahadi. Suhaibu ya kafe sai Taufiq ya bi shi ya zama shaida, ya kuma tafi da Muhsina.

Malam Amos ya karɓe su da mutunci. Ya goge faifan da ƙyalle mai laushi, ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora bayan. Garaya ta tashi, muryar ta fito tar kamar mutumin yana zaune a falon. Hawaye suka cika idon Suhaibu. Makaɗin ya shiga kiran attajirai ɗaya bayan ɗaya, Suhaibu na biye da shi da leɓe. Ya ɗaga yatsa ya ce, "To, ga shi nan."

Sai muryar ta nutse. Wani shuuu ya rufe ta, irin na ruwan sama a kan kwano, ya ɗan jima, sannan 'yan amshi suka dawo suka rufe waƙa.

Aka sake sawa. Aka canja allura aka kuma sawa, duk ɗaya. Malam Amos ya cire faifan ya nuna masa wani zobe kusa da tsakiya da ya koɗe ya yi fari-fari. Ya ce wannan ba ƙura ba ce, cinyewa ce, ya tambaya wa ya riƙa maimaita wurin nan shi kaɗai.

Suhaibu ya tuna. Mahaifiyarsa ce, Hajara, tun tana takaba har bayan ta fita. Ba ta iya taɓa garmahon ba, sai ta ce, Suhaibu, mayar mini. Shi kuma ya ɗaga allurar ya mayar, sau goma, sau ashirin a zama ɗaya, da allurar da ta riga ta dakushe, don sabuwa sai an je Zariya. Shekara da shekaru suna haka. Da hannunsa ya kankare sunan ubansa.

Taufiq ya sunkuyar da kai ya ce wallahi ya yarda, zai kuma faɗa wa mutanen rumfa. Suhaibu ya harare shi.

"Me za ka faɗa musu? Ba ka ji komai ba. Kada ka yarda da ni don tausayi."

Ya roƙi a ƙara sawa sau ɗaya. Malam Amos ya ce zai sa in ya matsa, amma kowane zagaye ƙara cin wurin yake yi. Suhaibu ya karɓi faifansa ya mayar cikin jaka.

A bas ɗin komawa Suleja, Muhsina ta matso ta ce ya rera mata wurin yadda yake, za ta ɗauka a waya. Ya gyara murya, ya buɗe baki, sai ya tsaya. "Mijin Hajara" makaɗin ya fara cewa, ko "mai gingimari"? Ya juya su ta nan, ya juya ta can, kowanne ya zauna daidai a kunnensa. Har suka sauka a tasha wayar na hannunta tana ta ɗauka, bai rera ko baiti ɗaya ba.